Binne a Guatraché

Babana Anselmo ya durƙusa a gefen gona,
ya luma wuƙarsa a ƙasa har ƙota,
ya zaro, ya duba kaifin.
Ko laima babu.
Ya goge ta a wando duk da haka,
don hannu ya saba.

Wata bakwai ke nan
gwangwanin auna ruwa da ke kan gungumen shinge
ba ya tara komai sai matattun ƙudaje.
Shanunmu casa'in da ɗaya ne bara.
Bana arba'in da uku,
kuma daga nan inda nake tsaye
ina ƙirga haƙarƙarin kowacce.

Ba don gari muke shuka sha'ir ɗin nan ba.
Ba zai yi zangarniya ba, ba mu ma nema.
Ganye kaɗai muke roƙo,
taƙi guda kafin sanyin Yuli,
abin da harshen saniya zai naɗe ya fizga.

Wenceslao ya tsayar da a-kori-kurarsa a bakin shinge,
ko inji bai kashe ba.
"Delfina, gaya wa tsohonki
kuɗin banki yake binnewa.
Ni sai na ji ƙamshin ƙasa zan kwance buhu."
Baba bai ɗago ba.
"Ranar da ka ji ƙamshin,
kai da duk gundumar kuna layin man tarakta,
nawa kuwa yana ƙasa yana sha."

Zurfi shi ne rigimar.
Ka bar iri a sama, kurciyoyi su sauko dubu-dubu,
tururuwa ta kwashe saura.
Ka kai shi can ƙasa,
tsiro ya cinye guzurinsa a hanya
bai ga rana ba.
Gaɓa biyu na manuniya, in ji Baba,
manuniyarsa, ba tawa ba.

Da dare nake tuƙi, bayan iska ta gaji.
Fitila ɗaya ta mutu tun watan jiya.
Faifan injin shuka suna ƙara kamar haƙoran mai zazzaɓi,
ɗaya ya tsage a layi na sha tara,
na ɗaure shi da waya, na ci gaba.
Shayin mate ya huce a ƙoƙo.
A bayana ba a ganin aikin komai:
ƙasa fara kafin in wuce,
ƙasa fara bayan na wuce.

Mutanen birni sun ɗauka fari muke tsoro.
Fari dai mun san shi, tare muke kwana.
Iri a busasshiyar ƙasa barci yake,
zai iya wata biyu bai motsa ba.
Yayyafi ne mugu:
ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce fito,
tsiro ya fito, ya tarar ba kowa.

Daren Laraba kuwa sai ga shi.
Tak. Tak-tak a kan kwano.
Na ji gadon Baba ya yi ƙara.
Muka tsaya a baranda ba mai magana,
shi da singileti, ni da bargo.
Ban taɓa jin mutum na roƙo biyu a numfashi ɗaya ba:
ko ka zo gaba ɗaya,
ko ka koma inda ka fito.

Minti shida. Ya ɗauke.

Da asuba ya tona layin farko da yatsa,
ya tsinto ƙwaya ɗaya, ya hure ta,
ya sa a haƙori.
Ƙas.

"Bai ji ba," ya ce.
Ya mayar da rabin ƙwayar ramin, ya rufe,
ya danna da tafin hannu.
Can a rijiya fanfon iska ya juya sau biyu ya tsaya.
Mora, baƙar saniyar nan mai karyayyen ƙaho,
ta ɗora haɓa a kan waya
tana kallon kadada sittin na babu komai
kamar wani ya tsegunta mata.